Harajin man dizal tsakanin jihohin Amurka: yadda mai tirela zai cike rahoton IFTA ba tare da ya faɗa tara ba

Kwana uku ya rage watan Oktoba ya ƙare, wani ƙanena a sana'a ya yi mini sallama bayan isha'i, riƙe da baƙar leda. Shekaru ya yi yana tuƙa wa kamfani, sai a bana Allah ya hore masa tasa motar. Ya zazzage ledar a kan tebur, rasitan mai ne na wata uku, wasu a cukurkuɗe, wasu da tabon shayi. Kusan goma sun koma farar takarda sal, don a gaban gilashi ya riƙa ajiye su, rana ta lashe rubutun. Ya ce, "Yaya, an ce in kawo lissafin mil na kowace jiha. Ni dai na san inda na ɗauki kaya da inda na sauke."

Na ji tausayinsa ƙwarai, domin ba wasa ya yi da aiki ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. Muddin kana tuƙa wa kamfani, ofis ke ɗauke maka wannan nauyi. Ranar da ka zama mai mota, ranar ya dawo wuyanka. Saboda irinsa, 'yan'uwanmu da ke shiga harkar tirela a Amurka, na zauna na rubuta wannan.

Abin da ake nufi da IFTA

Yarjejeniya ce ta raba harajin mai tsakanin jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna da lardunan Kanada 10. Alaska da Hawaii da birnin Washington ba sa ciki. An fara ta a 1983 da jihohi uku, Arizona da Iowa da jihar Washington, sannan wata dokar tarayya ta 1991 ta sa sauran suka shigo zuwa 1996. Kafin nan kowace jiha da nata izinin da nata rahoton. Yanzu rahoto ɗaya kake kai wa jihar da ka yi rajista, ita kuma ta raba wa saura haƙƙinsu.

Ginshiƙin abin magana ɗaya ce: harajin mai na jihar da ka ƙona man a kan titinta ne, ba na jihar da ka saya ba. In ka cika tanki a Ohio ka je ka ƙone shi a Pennsylvania, a famfo Ohio ka biya, alhali titin Pennsylvania tayarka ta taka. Rahoton da kake cikewa duk wata uku shi ke mayar da kowane kuɗi gidansa. Wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin ruɗanin.

Mataki na farko: tabbatar ya shafe ka, kuma ka san wa zai biya

Ya shafe ka in kana ƙetare iyakar jiha da motar da nauyinta ya wuce laba 26,000, wato kilo 11,797, ko mai layin tayoyi uku ko fiye komai nauyinta, ko kan mota da bodi da in an haɗa su suka wuce wancan nauyi. Jiharka za ta ba ka lasisi ɗaya da sitika biyu ga kowace mota, a manna hagu da dama na kan motar, kwafin lasisin kuma ya zauna a ciki. Duk shekara ake sabuntawa, wa'adinsu 31 ga Disamba.

In ka sa motarka a ƙarƙashin wani kamfani, buɗe takardar yarjejeniyarku ka karanta. A hayar kwana 30 ko fiye, ku biyu za ku zaɓi wanda zai cike rahoton, in kuwa takardar ba ta ce komai ba, nauyin yana kan kamfanin. A hayar da ba ta kai kwana 30 ba, yana kanka. Ko da kamfani ke cikewa, galibi daga kuɗinka suke cirewa, saboda haka ka nemi su nuna maka lissafin jiha-jiha. Haƙƙinka ne ka gani.

Mataki na biyu: mil, kuma a nan gizo ke saƙar

Lissafin da ake yi a kan tebur ba shi da wuya. Abin da ke kayar da mutane shi ne ba su rubuta komai a hanya ba, sai ranar da wa'adi ya matso su zauna suna ƙoƙarin tuno tafiyar watan jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace tafiya tana bukatar takardarta: ranar tashi da ranar isa, daga ina zuwa ina, hanyar da aka bi, abin da mitar mota ta nuna a farko da a ƙarshe, jimillar mil, mil na kowace jiha, da lambar motar. Ni littafi nake ajiyewa a aljihun ƙofa. Duk sanda na wuce allon shiga wata jiha nakan faɗi lambar mita da baki cikin waya, in na tsaya in kwafe. Kada ka rubuta kana tuƙi.

Kowane mil yana shiga lissafi. Wanda ka yi da kaya, wanda ka yi fanko, wanda ka yi da kan mota kaɗai ba bodi, zuwa gareji, zuwa gida, zuwa masallacin Juma'a. Da yawa suna ɗauka mil ɗin da aka biya su kuɗinsa shi kaɗai ake kawowa, sai su kwafi abin da dillalin kaya ya rubuta musu. Wannan kuskure ne babba. Dillali gajeriyar hanya ta taswira yake lissafawa, kai kuwa ka yi zagaye, ka kauce wa aikin titi, ka nemi wurin kwana. Kuma lambar da mita ta tsaya a ƙarshen wata tafiya, dole ita ce za ta buɗe ta gaba. In tafiya ta ƙare a 412,300, ta gaba ta fara a 412,480, mai bincike zai tambaye ka ina mil 180 suka shiga, kuma shi zai zaɓa musu jiha in ba ka da amsa.

Sai ƙananan yankunan da ake ratsawa kamar ƙiftawar ido. Mai bin I-70 daga Ohio zuwa Pennsylvania yana taka West Virginia na kimanin mil 14 ta wajen Wheeling. I-81 tana ratsa Maryland na kimanin mil 12. I-15 tana yankar kusurwar Arizona tsakanin Nevada da Utah, kusan mil 30. I-24 tana leƙa Georgia na 'yan mil kaɗan dab da Chattanooga ta koma Tennessee. Ƙanen nan nawa ya bi ta Wheeling ya fi sau ashirin, bai taɓa rubuta West Virginia ba. Rahoton da ya nuna jihohi biyu da ba su haɗa iyaka ba, ko hanyar da ba ta yiwuwa sai an ratsa ta uku, shi ke fara jawo ido.

Wani zai ce ai yana da na'urar ELD, komai na ciki. A yi hattara. An ƙirƙiro ta ne don ƙidayar awannin tuƙi, dokarta ta ce ta ɗauki wurin da kake duk awa ɗaya kana tafiya, kuma wata shida ake wajabta ajiye bayananta. Shi kuwa IFTA, in da na'ura za ka kafa hujja, yana so ta riƙa ɗaukar wuri da lambar mita aƙalla duk minti goma muddin inji na kunne, kuma a ajiye shekara huɗu. Akwai na'urorin da ke yin duka biyun, akwai waɗanda ba sa yi. Tambayi kamfanin da ya sayar maka, kuma duk ƙarshen wata ka sauke ɗanyen bayanan cikin kwamfutarka, ba taƙaitaccen shafin da suke nuna maka kaɗai ba. Na san wanda ya sauya kamfanin na'ura, bayan shekara biyu aka kira shi bincike, ya koma neman tsoffin bayanansa aka ce an goge.

Mataki na uku: rasitan mai

Rasit ɗin da za a karɓa sai ya nuna kwanan wata, sunan gidan mai da adireshinsa, yawan galan, irin man, farashi, sunan mai saye, da lambar motar da aka zuba wa. In babu lambar, rubuta da biro nan take. Takardar da ake ba ka in ka biya kafin ka zuba, wadda ta ce dala 300 a famfo kaza, ba ta da amfani, don ba ta nuna galan. Koma ciki ka karɓi ta ƙarshe. Ɗauki hoton kowane rasit kafin ka tayar da mota, domin irin takardar nan zafi na goge ta. Katin sayen mai ya fi sauƙi, tunda takardar bayaninsa na wata-wata tana tsayawa a matsayin hujja in ta nuna motar da aka zuba wa.

Abu biyu kada su shiga: ruwan DEF mai rage gubar hayaƙin inji, da man da ka zuba wa injin sanyaya kaya in bodinka mai firji ne. Ba su ke tura mota ba. Ka sa a raba maka rasit tun a kanta.

Mataki na huɗu: lissafin kansa

Bari mu yi shi da misali. A wata uku ka yi mil 24,000, ka zuba galan 3,750. Raba na farko da na biyu, ka samu 6.40, wato mil nawa galan ɗaya ke kai ka. Wannan lamba ɗaya za ka yi amfani da ita ga dukkan jihohi, kuma in motocinka sun fi ɗaya, a haɗe ake fitar da ita.

A ce mil 14,400 a Ohio ka yi su, 8,960 a Pennsylvania, 640 a West Virginia. Raba kowanne da 6.40. Ka ƙona galan 2,250 a Ohio, 1,400 a Pennsylvania, 100 a West Virginia. To amma inda ka saya daban ne: galan 3,350 a Ohio, 400 a Pennsylvania, ko ɗigo ba ka saya a West Virginia ba.

Yanzu a kowace jiha cire abin da ka saya daga abin da ka ƙona, ka ninka da harajinta. A 2024 Ohio tana karɓar santi 47 a galan, Pennsylvania santi 74.1. Ta West Virginia mu ɗauka santi 36 don sauƙin misali. A Ohio ka sayi rarar galan 1,100, saboda haka kana bin ta dala 517. Pennsylvania tana bin ka harajin galan 1,000, dala 741. West Virginia tana bin ka dala 36. In an haɗa an cire, dala 260 za ka tura wa jiharka.

Kada ka yi aiki da farashin harajin zangon wata ukun da ya wuce. Jihohi na sauyawa, musamman a Janairu da Yuli, kuma hukumar IFTA tana fitar da sabon jadawali duk wata uku a shafinta na intanet. In ka shiga Kanada, mayar da lita galan, lita 3.785 ke yin galan ɗaya, kilomita kuma ka ninka da 0.62137 ta zama mil.

Kafin ka tura, dubi lambar nan ta mil a galan da idon direba. Ka san motarka. In kullum tana tsakanin 6 da 7 sai ga 9.5, akwai rasitan da suka ɓace. In ta faɗo 4.8, akwai tafiyar da ba ka rubuta ba, ko man firji ya shiga. Gyara tun a gida.

A nan zan ɗan ratse, don abin yana ci mini rai ganin 'yan'uwa na asara a kansa. Tunda haraji zai koma inda ka ƙona man ko ta wane hali, farashin allo ba shi ne farashin gaskiya ba. Cire harajin jiha tukuna sannan ka kwatanta. In galan dala 3.80 ne a Ohio, dala 4.00 a Pennsylvania, ido zai ce Ohio ta fi araha. Cire santi 47 daga na farko, saura 3.33. Cire santi 74 daga na biyu, saura 3.26. Ashe mai tsadar allo shi ne mai sauƙin. Wanda ke zuba galan dubu goma sha biyar a shekara, santi bakwai a galan ya haura dala dubu.

Jihohin da ke da nasu sharaɗin

Kentucky da Virginia suna da ƙarin haraji a layi na dabam cikin rahoton. Ba a biyansa a famfo, saboda haka ko duk manka a can ka saya, sai ka biya shi a kan galan ɗin da ka ƙona a cikinsu. Mutane kan ga layi biyu su ɗauka maimaici ne su bar ɗaya fanko.

Oregon kuwa ba ta ɗora wa manyan motoci harajin dizal ta IFTA, harajin nauyi da nisa take karɓa. Duk da haka mil ɗin da ka yi a can da galan ɗin da ka saya dole su shiga jimilla, sai dai ba ka da rarar haraji da za ka nema a kansu. Kentucky da New Mexico da New York su ma suna da irin wannan haraji na nauyi da nisa a kan na mai, Connecticut ta bi sahu daga Janairun 2023. Kowanne da rajistarsa da rahotonsa. Biyan IFTA bai sauke maka su ba, kamar yadda bai sauke maka fom 2290 na harajin manyan motoci na gwamnatin tarayya ba.

Mataki na biyar: wa'adi

Sau huɗu ne a shekara: 30 ga Afrilu, 31 ga Yuli, 31 ga Oktoba, 31 ga Janairu. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi ko hutun gwamnati, sai ranar aiki ta gaba.

Ko motar ba ta motsa ba, sai ka kai rahoto mai sifili. Wannan ya fi kama mutanenmu, saboda mukan ajiye mota mu tafi gida wata biyu ko uku, ganin iyaye ko azumi ko aikin hajji. Ka dawo ka tarar da wasiƙa. Tarar jinkiri dala 50 ce ko kashi 10 cikin ɗari na harajin da ake bin ka, duk wanda ya fi yawa, sannan kuɗin ruwa na hawa wata-wata a kan abin da kowace jiha ke bin ka. Musulmin da ke gudun kuɗin ruwa yana da ƙarin dalilin kiyaye ranar. In aka ci gaba da shiru, za a dakatar da lasisin ko a soke shi, labarin kuma yana isa sauran jihohi, sai a wurin awon nauyi jami'i ya tsayar da kai da kayan mutane a baya. Kafin ka hau jirgi, cike rahoton, ko ka bar wa amintacce izinin shiga.

In lissafi ya nuna kai ke bi, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka ko a ajiye maka su zuwa zango na gaba. Ajiyar ba ta wuce zango takwas.

In aka kira ka bincike

Ana bukatar kowace jiha ta binciki kimanin kashi 3 cikin ɗari na masu lasisinta duk shekara, saboda haka kiran ba ya nufin ana zargin ka. Abin da za a nema shi ne takardun shekara huɗu, ana ƙirgawa daga ranar wa'adin rahoton ko ranar da ka kai shi, duk wadda ta zo daga baya.

In mai bincike ya ga takardunka ba su isa ba, yana da ikon rage maka mil a galan da kashi 20 cikin ɗari, ko ya mayar da shi 4.0. Koma kan misalinmu ka ga nauyin abin. Mil 24,000 a kan 4.0 galan 6,000 ke nan, ba 3,750 ba. Ohio da kake bi ta koma tana bin ka dala 117.50, Pennsylvania dala 1,363.44, West Virginia dala 57.60. Dala 260 ta zama sama da 1,500 a zango ɗaya tak, ban da tara da ruwa, kuma zangunan da ake dubawa ba ɗaya ba ne. Duk galan ɗin da ba ka da rasit ɗinsa kuma, ana ɗauka ba ka biya harajinsa ba, ka sake biya.

Kada ka ƙirƙiri takarda don cike gurbi. Masu binciken nan suna kwatanta rahotonka da takardun kaya, da kuɗin ƙofar titi, da mil ɗin da ka bayar wajen rajistar lambar mota ta IRP. Inda ka rasa, ka ce ka rasa, ka kawo abin da zai taimaka a sake gina tafiyar. In kai ka fara gano kuskure a rahoton baya, aika gyararre da kanka tun ba a tambaye ka ba. In kuma ba ka yarda da sakamakon bincike ba, akwai damar ɗaukaka ƙara, wa'adinta na rubuce a wasiƙar, kada ka bari ya wuce.

Daren nan ni da ƙanena mun kai ƙarfe ɗaya. Muka bi takardun kaya ɗaya bayan ɗaya muna fitar da hanya a taswira, muka ciro ranakun sayen mai daga bayanan bankinsa. Washegari ya kira gidajen man da rasitansu suka goge, wasu suka sake buga masa, biyu suka ce ba za su iya ba. Waɗannan galan ɗin ya sa su cikin jimillar man da ya zuba, amma bai nemi rarar haraji a kansu ba. Ya tura rahotonsa ranar 30 ga wata.

Duk wanda ya ba akanta ko kamfanin cike takardu wannan aiki, ya sani sunansa ne a kan lasisin, shi za a nema in an samu kuskure. Karɓi kwafin kowane rahoto da shaidar biya ka ajiye. Ranar da ka sayar da motar ko ka bar sana'ar kuma, ka kankare sitikun, ka kai rahoton ƙarshe, ka rubuta wa jiharka a rufe asusun. In ba ka rufe ba, za su ci gaba da jiran rahoto duk wata uku, tara na taruwa da sunanka.